Mai Koren Ido Ta Rasu Idonta a Buɗe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu a ƙarƙashin baƙin cikin wanda ya fi shi zafi, Auta mai shagon sassaƙar ƙarfe yana sanar da 'yan'uwa, maƙwabta, abokan ciniki, da duk wanda ya taɓa kawo masa karyayyen ƙarfe ya koma gida da sabo, cewa Mai Koren Ido ta ce ga garinku nan. Rai ya yi halinsa a cikin shago, da rana tsaka, a gaban shaidu.

Ga wanda bai san ta ba, Mai Koren Ido ita ce na'urar nan da ke cikin akwati mai launin toka, rataye a kafaɗar babban injin, da ɗan allonta mai rubutu kore da maɓallai a ƙasansa. Ita ke faɗa wa injin inda zai sa wuƙa, da zurfin da zai ci, da inda zai tsaya. Injin ƙarfi ne kawai da shi, hankalin nata ne. A cikin kanta kuma akwai duk aikin da marigayi Yaya, wan Auta, ya rubuta mata da yatsunsa tsawon zamansa a shagon. Da wannan aikin gida biyu ke ɗora tukunya, gidan Auta da gidan da Yaya ya bari da mata da yara.

Ana so a ji wannan da kyau tun daga farko, domin wasu na ta yaɗa cewa tsufa ne ya kashe ta. Ƙarya ne. Ciwon ido ta yi, ba a kuwa mutuwa da ciwon ido. Wajen magani aka kashe ta.

Babu wanda ya san shekarun marigayiya. Da tsufanta ta zo shagon, bayan ta gama bauta a wata masana'anta da ta rufe, ɗaure da igiya a bayan babbar mota. Ranar duk layin sai da ya fito kallo. Mai walda na kusa da su ya ce Yaya ya sayo wa kansa hawan jini, mai fentin mota ya ce gara a sayar da ita a kan sikeli tun ba a sauke ta ba. Yaya kuwa aikinsa ya sa a gaba. Ya ja kujera ya zauna a gabanta, ya yi ta lallashinta wata da watanni, yana latsawa tana ƙi, har ta saba da hannunsa. Daga baya masu dariyar ne suka riƙa zuwa da ƙarafunansu a naɗe a tsumma, suna gaisuwa tun daga bakin ƙofa.

Halinta sananne ne. Ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa neman izinin zuwa duba wata goggo da ba ta da lafiya ba, ba ta ɗaukar maganar shago ta kai waje. In ta ce ga awo, to awon ke nan, ko silin gashi ba ya shiga tsakani. Sandar famfon ban ruwa da ta sassaƙa bana, in ka ɗora ta kan ta bara, sai ka rantse ɗaya ce. Tana da fushi, wannan ba za a ɓoye ba. In wuta ta yi rawa sai ta tsaya cak tana "ƙiit, ƙiit, ƙiit" har sai an zo an ba ta haƙuri. Da safe kuwa muryarta uku ce: "tak" na makunni, sai "wuuu" na 'yar fankarta, sai wani siririn "ziiii" kafin koren rubutu ya fito. Auta ya ce har yanzu in ya buɗe shago yakan tsaya yana jiran "ziiii" ɗin, sai ya tuna, sai ya ji kamar ya shaƙe wani.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, Yaya bai rubuta mata lambobi kawai ba. A tsakanin layukan aiki yakan saka magana, wadda za ta fito a allo in injin ya zo wurin juya ƙarfe ko canja wuƙa. Duk maganganun kuma na mutum ɗaya ne. "AUTA, AUNA KAFIN KA YANKA." "BAR HIRA, JUYA KARFEN." "NA SAN BA KA DUBA MAI BA." Auta ya yi furfura, yana da 'ya'ya da suka fi shi tsawo, amma kullum sai wansa da ke kabari ya yi masa faɗa a gaban abokan ciniki, shi kuma ya amsa da "Na duba mana, Yaya." Yawanci kuma bai duba ɗin ba.

Auta mutumin ƙarfe ne. Ya san ƙarfe da nauyinsa, ya san wuƙar da ta dakushe da kukanta. Rubuta wa na'ura aiki kuwa fannin Yaya ne, kuma haka suka raba tun farko, ɗaya na rubutu ɗaya na yanka. Masu zuwa suna tambayar me ya sa ba a kwafe aikin an ajiye a wani wuri ba, su riƙe tambayarsu. Kamfanin da ya ƙera marigayiya ya daɗe da zama tarihi. Ramin da ake soka wayar kwafe aiki a jikinta ya mutu tun kafin ta zo. Yaya da kansa ya nemi wanda zai gyara shi har ya gaji. Abin da ya rage shi ne wani ɗan batir a bayan akwatin, wanda shi ke riƙe mata tunaninta in an kashe wuta. A kan wannan batirin Yaya ya kafa doka guda, wadda duk wanda ya yi aiki da irin waɗannan tsofaffin na'urori ya sani: ba a cire shi sai injin yana kunne. In ka cire shi wuta na kashe, ka zubar mata da duk abin da ke kanta. Shekara da shekaru Auta yana canja shi haka, injin na kunne, bai taɓa kuskure ba.

Ciwon ya fara ne a hankali. Rubutun ya riƙa dusashewa, sai an daɗe da kunna ta kafin ya fito. Auta ya murɗa ɗan abin ƙarin haske har ƙarshe, ya yanko kwali ya yi mata rumfa don kada hasken ƙofa ya dame ta. Sai rubutun ya fara rawa, yana gudu daga ƙasa zuwa sama. Aka gano in an ɗan mare ta a gefen dama tana natsuwa, marin ya zama cikin aikin safe, har mai walda in ya ji "tas" yakan ɗaga murya ya ce an tashi lafiya. Bayan wani lokaci mari ya daina ci. Rubutun ya tsuke ya koma zare ɗaya a tsakiyar allo, zaren ya koma ɗigo, ɗigon ya tafi.

Auta bai zauna ya naɗe hannu ba. Ya duba fis ɗin wuta, lafiyarsa lau. Ya zare wayar da ke tsakanin allo da cikin akwatin, ya goge bakinta, ya mayar. Ya auna wutar da ke shiga allon da mita, tana shiga. Ya sa hanci ya ji ɗan ƙaurin wani abu da ya gaji a bayan gilashin, ya haska tocila ya ga wasu 'yan kafasita, ƙananan gwangwanayen nan masu tara wuta, sun kumbura. A nan ya tsaya, domin ya san iyakarsa. Amma ya tabbatar da abu mafi muhimmanci: ya latsa lambar aikin sandar famfo a makance, ya danna koren maɓalli, injin ya ɗauka, ya sassaƙa sanda ba ko tangarɗa. Hankalinta garau yake. Ido ne kawai ya tafi.

Haka suka ci gaba, ita makauniya, shi ɗan jagora. Yatsunsa sun haddace hanya, in ta yi "ƙiit" ɗaya ya san lokacin juya ƙarfe ne. Mai Famfo, babban abokin cinikin shagon, ya ci gaba da karɓar sandunansa bai ma san an yi rashin ido ba. Tukwane biyu suna kan wuta. Auta yana ta cigiya a hankali, yana neman wanda ya san irin wannan allon. Abin da ya dame shi kawai, kuma ya faɗa wa matarsa a kan tabarmar cin abinci, shi ne ya yi kewar faɗan Yaya.

Da ya sani da ya haɗiye maganar tare da lomar. Matarsa baiwar Allah ce mai tausayi, kuma tana da wa. Wan nata ya yi shekaru yana gyaran talabijin a wata 'yar rumfa, tun zamanin masu ƙaton ƙeya, kuma shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya, dangi suka bi shi a haka. Washegari da hantsi sai ga shi a ƙofar shago da jakarsa ta fata da gilashi a kan hanci.

"Mijin ƙanwata," in ji shi, "ashe kana cikin wahala ba ka faɗa ba? Ina patient ɗin?"

Ku da kuke da surukai, ku yi hukunci. Mutumin da ya ba ka ƙanwarsa, ya girme ka, ya tako da ƙafarsa, ya riga ya naɗe hannun riga, da wane baki za ka ce masa ya koma? Auta ya ba shi kujera, ya aika aka kawo masa ruwan sanyi. Ya ce cikin ladabi, "Injiniya, allon ne kawai. Don Allah kada a taɓa komai bayan allon. Akwai ma wani batir a baya wanda…"

"Ni za ka koya wa batir?" Injiniya ya sauke gilashi ya dube shi. "Auta, ina gyaran allo tun kana yawo ba wando."

Sauran maganar tana nan a bakin Auta, gajeriya ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Kunya ta danne ta. Ya yi murmushin nan na surukai wanda haƙora ke fita zuciya na tafasa, ya ce, "Haka ne, Injiniya."

Gaskiya ɗaya za a faɗa, ko da ɗaci: mutumin ya san allo. Kallo ɗaya ya yi wa kafasitocin ya ce su ne, ya rubuta girmansu a tafin hannun Auta, ya ce ya je kasuwar kayan lantarki ya sayo, shi zai zauna ya shirya wuri. Auta ya tafi yana waiwaye. Injin yana kunne lokacin da ya fita.

Su masu gyaran talabijin su ma suna da tasu dokar, kuma a fanninsu doka ce mai kyau, ita ta bar su da rai: ba a sa hannu a cikin akwati sai an kashe wuta an zare komai. Bayan Auta ya juya baya, Injiniya ya je bango ya sauke babban makunni. Ya buɗe akwatin ya ga ƙura ta shekaru, ransa ya ɓaci a madadin ƙanwarsa da ke auren ƙazami. Ya zaro duk farantan lantarkin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ya wanke su da buroshi, ya shimfiɗa jarida a bakin ƙofa ya jera su suna shan iska. Da Auta ya dawo da 'yar ledarsa a hannu, shagon shiru, babu "wuuu" na fanka. Cikin marigayiya yana baje a kan jarida. A kan taga kuma, shi kaɗai, ga ɗan batirin a tsaye.

"Na ga bakinsa ya fara yin fari, ya kusa lalacewa," in ji Injiniya yana goge hannu, "sai na cire maka shi. Wannan kyauta ce, ba ta cikin aiki."

"Tun yaushe?" Abin da Auta ya iya cewa ke nan.

"Tun fitarka."

Auta bai yi ihu ba. Ya zauna a kan bokitin giris, ledar na hannunsa. Yana kallo Injiniya ya liƙa sababbin kafasita da dalma, yana fito, ya mayar da farantai, ya ɗaure kusoshi. Maƙwabta suka taru, domin labari ya zaga cewa yau makauniya za ta gani. Aka ɗaga makunni. "Tak." "Wuuu." "Ziiii." Allon ya buɗe tar, kore shar, haske irin wanda ko a zamanin Yaya ba a taɓa gani ba. Mai walda ya yi tafi. Mai fenti ya ce kai, Injiniya ba daga nan ba.

Auta ya miƙe ya latsa lambar sandar famfo. Allon ya rubuta, da haruffa masu kyau, cewa babu. Ya latsa ta gaba. Babu. Ya nemi jerin aikin gaba ɗaya, sai fili fetal. Ko sunan injin da take rataye a jikinsa ba ta sani ba, ko dama da hagu. Ya danna koren maɓalli, ta yi wani dogon "ƙiiiiit" wanda bai taɓa ji ba, ta yi shiru. Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

"Me ka yi mata?" Muryar Auta ta fita ba ladabi, karo na farko tun da ya auri ƙanwar mutumin.

"A'a, ka ga Auta, kar mu yi haka da kai," in ji Injiniya yana zuge jaka. "Allo aka ce, ga allo nan. Abin da ke ciki kuma wannan tsakaninku ne. Ka ɗan bar ta ta yi zafi, wataƙila ya dawo."

An bar ta ta yi zafi har ta gaji da zafi. Daga baya aka samo wata mata da ke kula da irin waɗannan injina a wata babbar masana'anta. Ta zo ta duba, ta tambayi yadda aka yi, da ta ji labarin batir sai ta rufe ido ta daɗe ba ta buɗe ba. Ta ce in an yi sa'a an samu tagwayen injin a wani wuri, mai yiwuwa a koya wa na'urar tafiya daga farko, ita dai ba ta taɓa ganin irinsa a raye ba. Aikin da aka rubuta kuwa, ta ce, sai dai wanda ya rubuta shi ya dawo. Ita ta tabbatar da rasuwar, kuma ta ƙi karɓar ko kuɗin mota.

Marigayiya ta bar babban injin, lafiyayye, mai ƙarfi, wanda yanzu bai san komai ba sai tsayuwa. Ta bar wuƙaƙe a jere cikin aljihun tebur da tulin ƙarfen da aka sayo don aikin Mai Famfo. Shi Mai Famfo ya zo, ya yi ta'aziyya mai kyau, ya jira iya jiransa, sannan ya kwashe aikinsa ya kai wani shago, domin gonakin mutane ba sa jiran makoki, kuma ba a ga laifinsa ba. Ta bar matar Auta, wadda ke kuka a kicin tana cewa ita taimako ta nema, ba ta san inda za ta sa kanta ba tsakanin miji da wa. Ta bar allo guda ɗaya, garau, wanda ya fi na kowa kyau a layin, ba ya nuna komai. Ta kuma bar Injiniya, cikin ƙoshin lafiya, yana yawo gidajen dangi yana ba da labarin yadda ya buɗe idon injin da ya gagari kowa.

Auta yana so a sani cewa bai yafe ba tukuna. Masu cewa ai da niyyar alheri aka yi, su je su dafa niyyar alherin su ba yara su ci. Masu cewa ƙarfe ne kawai, Allah ya sa kada su san yadda ake ji in mutum ya rasa wansa sau biyu. Ransa a ɓace yake da Injiniya, da kamfanin da ya rataya rayuwar mutane a kan batir ɗan mitsitsi sannan ya tattara ya ɓace, da mai walda da ya yi tafi, da wannan murmushi na surukai da aka koya mana tun muna yara.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Mai sayen tsofaffin ƙarafuna zai zo da motarsa ranar Asabar da safe. Ana buƙatar majiya ƙarfi, domin gawar tana da nauyi. Za a fita da ita ta babbar ƙofa, ba ta baya ba, kuma ba za a ja ta a ƙasa ba. Allon ba zai bi ta ba, za a kwance shi a aika wa Injiniya har gida ya rataya a falo, tunda aikinsa ne. Shi kansa an ɗauke masa wahalar zuwa. Za a karɓi gaisuwa a bakin shago bayan motar ta tafi. Ana roƙon masu ta'aziyya kada kowa ya zo da sukudireba, kada kuma a ji kalmar "da ka kira ni".

Saura abu ɗaya, kuma saboda shi aka rubuta wannan sanarwa da hannu aka liƙa a ƙofar shago kawai, ba a aika ta ko'ina ba. Matar Yaya ba ta sani ba. Labarin da ya isa gidanta na Injiniya ne. Ta bugo wa Auta waya, muryarta cike da murna irin wadda ya daɗe bai ji ba, ta ce, "Auta, ashe ido ya buɗe? Alhamdu lillahi. Ranar Asabar da yamma zan kawo yara su ga rubutun babansu. Ƙaramar ba ta taɓa gani ba tun da ta iya karatu." Auta ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne "To."

Don haka kada kowa ya kai mata wannan labari. Ba na maƙwabci ba ne, ba na waya ba ne, shi zai kai da ƙafarsa kafin Asabar, ya faɗa mata cewa da rubutun da tukunyar duk sun tafi gaba ɗaya. Ya riga ya je unguwar ya dawo ba sau ɗaya ba. Duk wanda ya gan shi tsaye a ƙofar gidan Yaya, hula a hannu, ya kasa yin sallama, kada ya tsaya gaishe shi. Ya kama kafaɗarsa ya tura shi ciki.